Yadda Filin Rawa Ya Ƙwace Alƙalanci Daga Hannun Rediyo: Fashin Baƙi Kan Tashen Kiɗan Disko

A watan Yulin 1974 aka yi wani abu a kasuwar waƙa ta Amurka da ya ɗaure wa manyan kamfanonin faifai kai. Waƙoƙi biyu suka hau ƙololuwar jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard, ɗaya na sauka ɗaya na hawa: "Rock the Boat" ta ƙungiyar Hues Corporation, da "Rock Your Baby" ta George McCrae. Ta farkon tun 1973 take kwance cikin kundin ƙungiyar, gidajen rediyo ba su ko ɗaga kai sun dube ta ba. Ta biyun kuwa wani ƙaramin kamfani ne a jihar Florida, TK Records, ya fitar da ita. A tsarin wancan zamani gidan rediyo ke naɗa waƙa sarauta: mai shiri ya saka ta, jama'a su ji, su tafi kanti su saya. Waɗannan biyun ba ta wannan ƙofa suka shigo ba. A gidajen rawa aka fara jin su, masu rawa suka bazama neman faifan, ciniki ya yi ta hauhawa, sannan gidajen rediyo suka biyo baya.

A ganina nan gizo ke saƙa. An fi yawan cewa mutane sun rungumi disko ne don su manta da ƙuncin rayuwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ƙunci bai taɓa yankewa a duniya ba, kuma ba kowane ƙunci ke haifar da sabon kiɗa ba. Abin da ya raba disko da saura shi ne masu rawa ne suka tace shi. Dare bayan dare ana gwada faya-fayai a kansu, wanda ya tayar da su a riƙe, wanda ya mai da su kan kujera a watsar. Kiɗan da ya sha irin wannan tankaɗe, ranar da ya fito fili da wuya a tare shi.

Birnin Niyok na farkon shekarun 1970 ya ji jiki. Masana'antu na rufewa, masu hali na kwashe iyalansu zuwa unguwannin bayan gari, aikata laifi ya yi yawa. A 1975 saura ƙiris hukumar birnin ta kasa biyan bashin da ke kanta. Ƙasar ma ba lafiya ba: yaƙin Biyetnam ya ci samari ya ƙare da kunya, takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 ya jawo dogayen layuka da tsadar kaya, a 1974 kuma shugaba Nixon ya sauka saboda badaƙalar Watergate. Matasan da suka ƙarar da shekarun 1960 wajen zanga-zanga da waƙoƙin neman sauyi sun gaji liƙis. Amma lalacewar birnin ta zo da wata dama. Manyan ɗakunan ajiya da benayen masana'antu da aka bari fayau suka yi arha, har mai ƙaramin ƙarfi yana iya kama haya ya tara jama'a.

A ɗaya daga irin waɗannan benaye, a titin Broadway, wani matashi mai suna David Mancuso ya haɗa walima ranar 14 ga Fabrairun 1970. Daga nan ta zama ta kowane mako, aka riƙa kiran wurin The Loft. Gidansa ne, nan yake kwana, kuma sai da gayyata ake shiga. Ba a sayar da giya. Ana ba da abinci da ruwan 'ya'yan itace, kuɗin ƙofa kuma shi ke biyan haya, irin yadda baƙaƙen fatan unguwar Harlem suka daɗe suna yi. Abin da Mancuso ya fi narka wa kuɗi shi ne amsa-kuwwa, don ya yi imani cewa in sauti ya fita tsaf bai huda kunne ba, mutum zai yi rawa har gari ya waye.

To su wa ke zuwa? Baƙaƙen fata, 'yan asalin Puerto Rico, 'ya'yan Italiyawa masu aikin ƙarfi, mata, da maza masu neman maza, waɗanda har ƙarshen shekarun 1960 'yan sanda ke kai wa mashayarsu samame, ba a kuma yarda namiji ya yi rawa da namiji ba. Tarzomar mashayar Stonewall ta watan Yunin 1969 ce ta fara sassauta wannan matsi. Duk wanda zai ba da tarihin disko ya tsallake waɗannan mutane, rabin labari ya bayar. Mutane ne da sauran wuraren shaƙatawa na birnin ba sa maraba da su, wani don launin fata, wani don aljihu, wani don halin rayuwarsa. Da suka samu inda aka karɓe su sai suka riƙe shi hannu bibbiyu, suna zuwa kowane mako, har kunnensu ya goge, ba sa yi wa waƙa kara.

Lissafin kuɗi ne ya sa abin ya yaɗu daga ɗaki ɗaya zuwa ɗaruruwa. Rawa da faifai a madadin makaɗa tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ake yin ta a Faris. Mai gidan rawa ya san ɗaukar makaɗa goma tsada ne, ga hutu da suke buƙata, ga waƙoƙin da suka iya suna da iyaka. Mutum ɗaya da akwatin faya-fayai kuwa zai kawo maka manyan mawaƙan duniya cikin dare guda a kan kuɗi kaɗan.

Amma faifai shi kaɗai ba ya riƙe fili. Matsalar ita ce shirun da ke tsakanin waƙa da waƙa. Da zarar kiɗa ya ɗauke na daƙiƙa uku, mai rawa ya dawo hayyacinsa, ya tuna ƙishirwa, ya tuna gida, fili ya watse. Francis Grasso, mai saka faifai a gidan rawan Sanctuary, yana cikin na farko da suka magance wannan. Na'urar juya faifai biyu gare shi, da abin sauraro a kunne. Ɗaya na kaɗa wa jama'a, shi yana sauraron na biyun shi kaɗai, yana daidaita bugunsa da na farkon, sai ya sake shi daidai kan gaɓa yadda ƙafa ba za ta san an sauya waƙa ba. Da haka dare ya zama kiɗa ɗaya miƙaƙƙe mai hawa da sauka. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya ga yadda gwanin kalangu ke duban ƙafafun 'yan mata, ya ƙara wuta in sun ɗauka, ya sassauta in numfashi ya fara ƙarewa, ya san aikin da di-je, wato mai saka faifai, ya koya wa kansa. Shi dai da faya-fayan wasu yake nasa kiɗan. Nicky Siano a The Gallery, daga baya Larry Levan a Paradise Garage, sun kai sana'ar matsayin da saboda su jama'a ke cika wuri.

A shekarun farko babu abin da ake kira kiɗan disko a kanti. Farauta masu saka faifai ke yi. Su shiga kantunan tsofaffin faya-fayai da na kayan ƙetare, su tono duk abin da ke da bugu mai ƙarfi, na soul ne, na funk ne, na Latin ne, har da na rok in gangarsa ta yi. Afirka na da kaso mai tsoka a wannan farauta. Grasso yakan saka gangunan Babatunde Olatunji, ɗan Nijeriyan da ya zauna a Amurka. Misalin da ya fi shahara kuwa daga Kamaru ya fito. A 1972, shekarar da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka, Manu Dibango ya yi waƙar gasar, a bayan faifan ya sa wata da ya kira "Soul Makossa". Mancuso ya tsinci faifan a wani kanti a Brooklyn, ya saka, fili ya rikice. 'Yan kwafin da ke birnin nan da nan aka wawashe su. Frankie Crocker na gidan rediyon WBLS ya ɗauka, ƙungiyoyi da dama suka yi ta kwaikwayonta don cike gurbi, har kamfanin Atlantic ya sayi izinin fitar da ta asalin, ta shiga cikin 40 na farko a jadawalin Billboard a 1973. Waƙa ce da yaren Duala, kusan ba mai jin abin da take faɗa a Amurka, amma masu rawa sun ce ta yi, kuma ta yi ɗin.

Da kamfanoni suka farga, sai aka fara yin waƙa musamman don filin rawa, a Filadelfiya kuma aka samo ƙirar. Kenneth Gamble da Leon Huff sun kafa Philadelphia International Records a 1971, suna da tawagar makaɗan situdiyo da ake kira MFSB. Mai gangarsu, Earl Young, shi ake jingina wa bugun da ya zama tambarin disko, wanda ya fito ƙarara a waƙar "The Love I Lost" ta 1973. Babbar gangar ƙafa na dukan kowace gaɓa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, babu tsallake, farantan ƙarfe kuma na huci a tsakani. Saurin yakan tsaya wajen bugu 120 a minti.

Kada a raina wannan sauƙi. Kiɗan funk irin na James Brown yana da karye-karyen da sai gwani ke bin su da ƙafa. Rok kuwa a lokacin ya zama kiɗan kallo, dubban mutane sun fuskanci dandamali, mai jita ya yi minti goma yana nuna bajinta. Bugun disko ba ya ɓuya wa kowa, ko wanda bai taɓa rawa ba ya san inda zai ajiye ƙafa. A kan wannan tushe aka ɗora kayan alatu: gogen Turawa rututu, ƙahonni, jitar bes mai yawo, gangunan hannu na Latin, da muryoyin da suka goge a cocin baƙaƙen fata. Masu cewa disko kiɗan banza ne da ba a sha wuyar yin sa ba, ban yarda da su ba. Makaɗan Filadelfiya da na ƙungiyar Chic suna cikin ƙwararrun da Amurka ta yi, kuma riƙe bugu ɗaya na minti takwas bai kauce ba, bai kuma yi lami ba, jan aiki ne.

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A nan rawa ce ta sauya kiɗa, har ta sauya siffar faifan kansa. Waƙar rediyo minti uku ce. Tom Moulton, wanda ya fara da jera waƙoƙi a kan tef don wani gidan rawa a tsibirin Fire Island, ya lura cewa daidai lokacin da jiki ya ɗau zafi waƙar ke ƙarewa. Sai ya shiga situdiyo yana tsawaita su. Ya maimaita wurin da ya fi daɗi, ya janye murya da goge ya bar ganga ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan ya dawo da komai gaba ɗaya, fili ya kaure da ihu. A kundin Gloria Gaynor na 1975 ya haɗa waƙoƙi uku a fuska ɗaya ba yankewa. Doguwar waƙa kuma ba ta zama daidai a ƙaramin faifai mai inci 7, don sai an matse layukan da allura ke bi, sauti ya raunana. Da aka yanka waƙa ɗaya tak a babban faifai mai inci 12, layukan suka sake, ƙara ta ƙaru, bes ya yi nauyi. A 1976 kamfanin Salsoul ya fara sayar wa jama'a irin wannan faifai da waƙar "Ten Percent", wadda di-je Walter Gibbons ya miƙe har ta haura minti 9.

Zuwa lokacin hanya ta buɗe tsakanin fili da kamfani. Billboard ta fara buga jadawalin disko a ƙarshen 1974. A 1975 masu saka faifai na Niyok, da Mancuso cikinsu, suka kafa ƙungiyar da kamfanoni ke kawo wa sababbin faya-fayai kyauta, su kuma su mayar da rahoton wanda ya karɓu da wanda ya faɗi. Garaɓasa ce ga kamfani, don maimakon bin masu shirin rediyo da roƙo, ƙarshen mako ɗaya ya isa a san makomar faifai. Waƙar da aka fi tuna Gloria Gaynor da ita, "I Will Survive", a bayan faifai kamfaninta ya jefa ta a 1978. Masu saka faifai ne suka juya shi, suka ga abin da ta yi wa jama'a, har ta kai ta ɗaya a ƙasar a 1979.

Wannan waƙa ta kawo mu ga wani ɓangare da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Rok na lokacin kusan duk fararen maza ne riƙe da jita. Disko kuwa muryar mace baƙar fata ce a gabansa: Gaynor, Donna Summer, Thelma Houston, Sister Sledge. Shekaru ne da matan Amurka ke tururuwa zuwa aikin albashi, mutuwar aure ta ƙaru, mace na koyon tsayawa da ƙafarta. Waƙar da mace ke faɗa wa wanda ya wulaƙanta ta cewa ta warke, za ta rayu ko babu shi, ta zo a kan gaɓa.

Sai ita kanta rawar. Tun zamanin rawar twist a farkon shekarun 1960 kowa tasa yake yi shi kaɗai. Samarin Latin na kudancin Bronx suka dawo da rawar riƙe hannu mai juyi da tsararren taku, wadda aka kira hustle, Van McCoy kuma ya yi mata kiɗan da ya kai na ɗaya a 1975. Rawa mai ƙa'ida ana iya koyar da ita, don haka makarantun rawa suka cika, talabijin ta samu abin nunawa. Ado ma ya dawo. Bayan shekarun yagaggen wando da gashi buzu-buzu, sai ga yaron kanti na tara kuɗin mako don ya sayi riga mai sheƙi da takalmi mai tudu. A gidan disko a kan mai rawa fitila ke sauka. Wanda duk mako ba a san da zamansa ba, daren Asabar shi ake kallo. Ina ganin wannan dalili ya fi kowane shiga ran mutane.

Turai ta zo da nata. Donna Summer 'yar Boston ce da wasan dandamali ya kai ta Jamus, a Munik ta haɗu da Giorgio Moroder ɗan Italiya da Pete Bellotte ɗan Ingila. A 1975 Neil Bogart na kamfanin Casablanca ya nemi su tsawaita "Love to Love You Baby", suka mai da ita kusan minti 17, fuskar faifai guda cur. A 1977 suka fitar da "I Feel Love", wadda kusan duk kiɗanta na'urar haɗa sauti ta Moog ce ta yi, babu goge babu ƙaho. Abin da furodusoshin Turai suka gano shi ne disko ba ya buƙatar Turanci mai yawa, ba ya ma buƙatar ƙungiya ta haƙiƙa. Silver Convention ta Jamus ta kai ta ɗaya a Amurka a 1975 da waƙar da kalmominta shida ne kacal. Frank Farian a situdiyo ya ƙirƙiro Boney M, shi da kansa ke rera muryar namijin, ya nemo 'yan Karibiyan huɗu suka tsaya a gaba. Tashen ƙungiyar ya kai har Mosko ta je wasa a Disambar 1978, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Kiɗan da ke hannun furodusa yana da saurin yi, kuma yana tsallake iyaka ba tafinta.

Shekarar 1977 ce ta fitar da disko daga lungu zuwa tsakar gidan kowa. A watan Afrilu Steve Rubell da Ian Schrager suka buɗe Studio 54 a wani tsohon gidan wasan kwaikwayo a Manhattan. Wurin kishiyar The Loft ne. Can duk wanda ya shiga ɗaya yake da kowa, nan kuwa Rubell ke tsayawa bakin ƙofa yana zaɓen wanda ya yi masa, ɗaruruwa na tsaye a titi suna roƙo. Hotunan mashahurai irin su Bianca Jagger da Andy Warhol suka cika jaridu, abin da aka hana mutum kuwa shi yake ƙara so. Hatta Nile Rodgers da Bernard Edwards na Chic an hana su shiga a daren shiga shekarar 1978, suka koma gida a fusace suka tsara waƙar "Le Freak". Ba zan yi wa wurin kwalliya ba. Ƙwaya tana nan tun gidajen farko, amma a nan hodar iblis da fasiƙanci a bainar jama'a suka yi katutu, sun kuma cinye rayuka da dama a wannan harka. Masu gidan a kurkuku suka ƙare a 1980 saboda ƙin biyan haraji.

Abin da ya fi wannan ƙarfi a Disambar 1977 ya zo, da fim ɗin Saturday Night Fever. John Travolta ya fito a matsayin saurayi ɗan asalin Italiya mai aiki a kantin fenti a Brooklyn, ba shi da daraja a gida, ba shi da ita a wurin aiki, sai a filin rawa. Kundin waƙoƙin fim ɗin, wanda ƙungiyar Bee Gees ta mamaye, ya yi mako 24 a saman jadawalin Amurka, ya kuma ci kyautar Grammy ta kundin shekara. Fim ɗin ya yi abin da gidajen rawan Niyok ba za su iya ba, ya nuna wa fararen fatan ƙananan garuruwa, musamman maza, cewa rawar nan tasu ce su ma. Amma ya yi hakan ne ta hanyar ɓoye waɗanda suka rene ta. Ko labarin mujallar da aka gina fim ɗin a kansa, marubucinsa Nik Cohn ya amsa daga baya cewa ƙirƙira ya yi. Hoton disko da duniya ta fi sani ke nan, farar kwat da yatsa a sama, alhali ba daga nan ya fito ba.

Daga nan sai ambaliya. A watan Yulin 1978 gidan rediyon WKTU na Niyok, wanda ba a cika sauraro ba, ya koma disko zalla, cikin 'yan watanni ya doke WABC da ya daɗe yana jan zarensa. Gidajen rediyo a faɗin ƙasar suka bi sahu. Otal-otal da mashaya suka rataya ƙwallon madubi suka ce su ma disko ne. Rolling Stones da Rod Stewart da Kiss, manyan 'yan rok, kowa ya yi tasa da bugun disko. Har kundin yara aka yi da sunan Mickey Mouse.

Ƙarfin disko tankaɗen da filin rawa ke yi ne. Da kamfanoni suka hango kuɗi sai suka tsallake rariyar, suka yi ta zubo faya-fayai ba ji ba gani, alƙalanci ya koma hannun gidajen rediyo, kunnuwa suka ƙosa. Ga kuma waɗanda dama suna ƙullace da abin. Steve Dahl, mai shirin rok a Shikago, ya rasa aikinsa a ƙarshen 1978 da gidan rediyonsu ya koma disko. Ranar 12 ga Yulin 1979 aka shirya da shi cewa duk wanda ya zo filin wasan Comiskey Park da faifan disko zai shiga a kan senti 98, a tara faya-fayan a tarwatsa su da nakiya tsakanin wasanni biyu na ƙwallon besbol. Kimanin mutum 50,000 suka hallara, dubbai suka kutsa cikin fili, aka cinna wuta, wasa na biyu bai yiwu ba. Har yau ana gardamar abin da ya tunzura su. Wasu sun ce gajiya ce da kiɗan da ya cika ko'ina, da haushin ƙofa irin ta Studio 54 mai wulaƙanta talaka. Wasu sun ce ƙiyayya ce ga baƙaƙen fata da masu neman jinsi ta samu mafaka. Ni ina ganin duka biyun suna filin nan a daren. Vince Lawrence, wani matashi baƙar fata da ke aikin nuna wa 'yan kallo kujera a wurin, ya shaida cewa da yawan faya-fayan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙe ne kawai, kuma wannan shaida ba ta sharuwa.

A shekarar ce kuma cinikin faifai ya faɗi a Amurka baki ɗaya, mai ya sake tsada, kamfanoni suka nemi wanda za su ɗora wa laifi. Kafin 1979 ta ƙare sunan disko ya zama abin gudu. Kyautar Grammy ta disko sau ɗaya tak aka bayar, a 1980, Gloria Gaynor ta karɓa, aka soke ta.

A sauran duniya kuwa lokacin ne ma abin ya kankama. A Legas ta zamanin kuɗin mai, mawaƙa matasa irin su Kris Okotie suka fito da nasu salon. A Indiya furodusa Biddu ya haɗa wa wata yarinya 'yar Pakistan, Nazia Hassan, waƙa a fim ɗin Qurbani na 1980, ta girgiza yankin. A 1982 aka yi Disco Dancer, Mithun Chakraborty a gaba, Bappi Lahiri a kiɗa, fim ɗin da ya ci kasuwa har Tarayyar Sobiyet. Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san shi sarai, kuma da yawanmu ta Bombay disko ya biyo kafin ya iso mana.

A Amurkar ma suna ne ya ɓace, kiɗan yana nan. Kundin Off the Wall na Michael Jackson ya fito a Agustan 1979, wata ɗaya bayan wutar Shikago, mafi yawansa disko ne, ba a dai kira shi haka ba, ya kuma sayar da miliyoyi. Bes ɗin waƙar "Good Times" ta Chic aka ɗora "Rapper's Delight" a kai a shekarar, faifan da ya fara buɗe wa rap kasuwa. A cikin Shikagon kanta, wani di-je da ya zo daga Niyok a 1977, Frankie Knuckles, ya ci gaba da tara baƙaƙen matasa a gidan rawan Warehouse. Da sababbin faya-fayan disko suka yi wuya sai ya riƙa yanka tsofaffin a kan tef yana sake jera su, daga baya ya ƙara musu gangar na'ura don bugun ya yi nauyi. Yaran garin suka fara yin nasu da na'urori masu arha, aka sa wa kiɗan suna house daga sunan gidan. Vince Lawrence, wancan ma'aikacin filin wasa, yana cikin waɗanda suka haɗa faifan da ake ɗauka shi ne na farko a kiɗan house, a 1984.